Yadda Ake Tatsar Giginya a Yi Mazarƙwaila, Kamar Yadda Na Koya a Ƙasar Bama

Ni mutumin Kamba ne, a gindin giginya na tashi. Mun ci muruci har ya ginshe mu, mun tsotsi nunannun 'ya'yanta har zare ya cika mana haƙora, ɗakin da aka haife ni ma da azararta aka rufe shi. Da wani ya ce mini akwai abin da ban sani ba game da giginya, da na ce raini ne. Sai da harkar riɗi ta kai ni ƙasar Bama a 2019, na tsaya ina kallo wani mutum ya hau giginya da wuƙa a ƙugu da tukwane a rataye, ya sauko da wani farin ruwa, matarsa ta mayar da shi mazarƙwaila tun azahar ba ta yi ba. Bama nake nufi wadda kakanninmu suka je yaƙi zamanin Hitila, wadda har yau sunan barikin Chindit na Zariya ke tuna mana da ita, ba Bama ta Barno ba. Tun 1989 mahukuntanta suka ce a kira ta Myanmar, amma bakina ya riga ya saba.

Na san abin da ke fara zuwa ran Musulmi in ya ji sunan ƙasar nan, wato abin da sojojinta suka yi wa 'yan'uwanmu Rohingya a 2017. Da shi na shiga ƙasar a zuciyata, da shi na fito. Mutanen da na zauna da su kuwa talakawa ne masu bin addinin Buddha, waɗanda da suka gane ba na cin naman da ba a yanka ba sai suka ware mini tukunya ta daban, kullum shinkafa da wake da man gyaɗa.

Ƙauyen da na zauna yana kan hanyar da ta tashi daga Nyaung-U, kusa da tsohon birnin Bagan, ta nufi Kyaukpadaung da dutsen Popa. Wannan yankin na tsakiyar ƙasar su suna ce masa Anya. Duwatsun Rakhine sun tare masa ruwan damina daga yamma, don haka abin da yake samu a shekara bai wuce milimita 500 zuwa 1,000 ba, alhali bakin teku na iyo cikin ruwa. Da ka sauka mota sai ka rantse kana tsakanin Kamba da Gaya ta Nijar: jar ƙasa, ƙaya, magarya, tsamiya, dogon yaro, gonakin gyaɗa da riɗi, amalanken shanu, ga kuma giginya jere a kan iyakokin gonaki har inda ido ya tsaya. Suna kiranta htan, a baki kamar ka ce "tan" da ɗan huci. Na yi kusan mako biyar a wurin, daga tsakiyar Maris zuwa bayan bikin sabuwar shekararsu, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne abin da maigidan da na sauka wurinsa da uwargidansa suka nuna mini, da taimakon wani yaro ɗan makaranta da ke yi mana tafinta.

Ka fara sanin inda ake yanka

Giginyarsu 'yar'uwar tamu ce ta jini, sai dai tasu miƙaƙƙiya ce sambal, baƙa, ba ta da tumbin nan da tamu ke yi a sama da tsakiya. Tana kaiwa mita 30, tana haura shekara 100. Kamar tamu, akwai namiji akwai mace, kuma ba ka bambance su sai sun fara fure, abin da ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20. Wanda ya shuka ba lallai ya sha ba. Maigidana ya ce duk bishiyar da yake hawa, ko dai kakan mai gonar ne ya shuka ta ko uban kakan.

Ga babban sirrin, kuma in ba ka riƙe komai ba ka riƙe wannan. Giginya kai ɗaya gare ta, tsiro ɗaya tak a can ƙololuwa inda sabon ganye ke fitowa. A wasu ƙasashen Afirka ta Yamma masu neman bammi wannan tsiron suke hudawa, ruwa ya yi ta zuba na 'yan makonni, daga nan bishiyar ta bushe a tsaye. Mutanen Bama ba sa taɓa shi ko kusa. Fure suke yanka. Bishiya ta tara zaƙi don ta ciyar da furenta da 'ya'yanta, su kuma sai su tare shi a hanya. Fure kuwa kowace shekara sabo yake fitowa, shi ya sa bishiya guda za ta shayar da uba ta shayar da ɗa. Tatsa ce irin ta saniya, kuma ba wanda ke yanka saniyar tatsa don ya sha nono.

Namiji ke fara bayarwa, daga wajen Fabrairu zuwa Yuni. Mace tana kamawa daga wajen Afrilu ta ja har cikin damina, wajen Satumba, kuma ta fi yawan ruwa. Mai hankali yana haɗa duka biyun a cikin bishiyoyinsa don kada murhu ya huce.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Tsani iri biyu ne, duka na gora: dogo siriri wanda ake ɗauka a kafaɗa daga bishiya zuwa bishiya, shi ne yin htaung, da gajere wanda ake ɗaurewa a saman kowace bishiya a bar shi can har ƙarshen kaka, shi ne yin swe. Hikimar ita ce in ka ɗauke dogon, yaro ko ɓarawo ba ya kaiwa ga gajeren. Sai wuƙa mai faɗi da ake wasawa kullum har ta iya aske gashin hannu, wadda ba a yanka komai da ita sai fure. Sai awartaki na itace, sanduna biyu da aka ɗaure kansu wuri guda. Sai ƙananan tukwanen ƙasa masu ɗaukar kamar lita 2 zuwa 3, myu-o, kowace da igiya a wuya. Tukwanen su zama ninki biyu na abin da ke sama, domin kullum rabi na kan bishiya rabi na ƙasa ana gyara su.

Kafin kaka ta kama, sai an bi kowace bishiya an sare busassun ganye, an share ƙaya-ƙayan gefen hannuwanta, an duba igiyar tsanin sama. Kada ka yarda da igiyar bara. Faɗowa daga giginya ba targaɗe take kawowa ba, kuma a ƙauyen akwai wani dattijo da ke zaune a kujera tun yana saurayi saboda igiya guda da ya ga kamar za ta ƙara shekara.

Ni dai ban wuce matakala ta tara ba. Na leƙa ƙasa, na ga yaran gidan sun taru suna dariya, na sauko da mutuncina. Duk abin da zan faɗa na sama, daga ƙasa na gan shi da kuma furannin da maigida ya sauko mini da su don ya gwada mini.

Horar da fure

In ka yanka fure haka kawai, ɗigo biyu zai yi ya bushe. Sai an lallashe shi. Furen namiji yana fitowa kamar yatsu, dogaye masu kaurin rake, biyu ko uku a reshe. Lokacin kama shi shi ne sa'ad da ya gama miƙewa amma ƙananan furannin jikinsa ba su buɗe ba. Sai ka sa awartakin itacen ka matse kowane yatsa daga gindi zuwa kai, a hankali, kana jin yana laushi a ƙarƙashin hannunka. Ba fasa shi za ka yi ba. In fatar ta tsage, wannan yatsan ya tashi aiki, ruɓewa zai yi. In kuma ka ji tausayinsa da yawa, ba zai kawo ruwa ba. Maigida ya ɗauki hannuna ya matsa mini tsintsiyar hannu don in ji ƙarfin da ake so, kusan irin matsar da ake yi wa mai ciwon jiki. Ana maimaita wannan kwana uku ko fiye, sannan a tattara yatsun a ɗaure su dami guda, a karkato kansu ƙasa, a bar su su huta 'yan kwanaki.

Ta mace ta fi wuya. Ita zangarniya ce mai ƙananan 'ya'ya a jiki, sai an bi tsakanin 'ya'yan ana bubbugawa da matsawa har sandar ta yi laushi. Wannan ba a ba sabon shiga.

Bayan hutun sai ka yanke kan damin, ka jira ka ga ya fara tsattsafa, sannan ka zura shi cikin bakin tukunya ka ɗaure igiyar a hannun ganye. Daga ranar, safe da yamma, duk hawan da ka yi sai ka ƙara shafce bakin yankan, siriri kamar ɓawon albasa. Dalili shi ne bishiya tana ƙoƙarin warkar da ciwonta, bakin yana toshewa, sabon yanka ke buɗe shi. In ka yanka da kauri, furen da zai yi maka wata biyu zai ƙare a mako uku. In ka tsallake yini guda, ya toshe, wani lokaci ba ya sake kawowa. Saboda haka mai hawan giginya, htan thama a bakinsu, ba shi da ranar hutu, ba shi da zuwa biki a wani gari, zazzaɓi ma sai wanda ya kayar da shi. Maigidana bishiya 32 yake hawa, sau biyu a yini. Ka lissafa da kanka.

Tukunya

A nan yawancin aikin ke lalacewa, kuma a nan ne na ga abin da ban zata ba. Ruwan giginya zaƙi ne zalla a cikin zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Da ya taɓa tukunyar da ke da ragowar ruwan jiya, ƙwayoyin da ke sa tsami sun samu abinci, kafin ka sauko da shi ya fara kumfa. Ruwan da ya fara tsami kuwa ko ka kwana kana dafa shi ba zai daskare ba, sai dai ya tsaya kamar maɗi mai danƙo, domin irin sukarin da ke ƙanƙarewa ya riga ya karye.

Maganin shi ne wuta. Da an juye ruwan safe, yara mata za su ɗauraye tukwanen, su jera su a ƙasa layi biyu baki na kallon baki, su zuba busasshen ganyen giginya da kara a tsakani su cinna. Harshen wuta ya shiga cikin kowace tukunya ya lashe ta, hayaƙi ya bi ta. Shi ya sa duk tukunyar da ka gani a rataye a sama baƙa ce ƙirin. Wanki da ruwa kaɗai ba ya isa, tunda tukunyar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da ruwan ke ɓuya a ciki. Masu amfani da galan na roba sun huta da nauyi da fashewa, amma roba ba ta shiga wuta, kuma uwargida ta ce ko a makance za ta gane mazarƙwailar roba.

Bayan wutar, wasu suna shafa ɗan farin toka na dutse a cikin tukunyar, irin ƙonanniyar farar ƙasar da suke shafa wa ganyen da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Wasu kuma ɓawon itace suke jefawa. Duka don a jinkirta tsami ne. A shafa kaɗan, kamar abin da kan yatsa zai ɗauka. In ya yi yawa mazarƙwailar za ta yi duhu ta riƙa ɗaci-ɗaci a maƙogwaro kamar an zuba kanwa. Duk wannan da rana ake gama shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsere da rana

Ruwan dare ya fi yawa, ya fi kyau, saboda sanyi. Maigida yana fita tun assalatu, lokacin da nake alwala shi yana ɗaura wuƙa. Yakan tattare zanensa ya cusa a baya, tunda maza ma zane suke ɗaurawa a can, ya hau da tukwanen wofi a ƙugu, ya sauya, ya shafce baki, ya sauko. A gindin bishiya akwai mai jira, ɗiyarsa ko matarsa, da sanda a kafaɗa mai ɗaukar tukwane gaba da baya. Ba a jira a gama bishiyoyin duka. Da an tara na bishiya biyar ko shida sai a ruga da shi murhu.

Ranar farko aka miƙo mini kofi a gindin bishiya, na tsaya ina kallon tafinta. Ya ce in sha, wannan htan yay cho ne, mai zaƙi. Fari ne kamar ruwan tsarin shinkafa, sanyi ƙalau, zaƙinsa bai kai na rake kauri ba, ga ɗan ƙamshin hayaƙi. Da asuba ruwan zaƙi ne kawai. Amma shi wannan ruwan in aka ajiye shi, kafin la'asar ya yi kumfa ya yi ɗaci ya koma htan yay kha, wato bammi sak, mai sa maye, hukuncinsa hukuncin giya. Ƙa'idar da na bi ita ce ba na sha sai wanda aka sauko da shi a gabana da sassafe, daga ƙonanniyar tukunya, ba kumfa ba tsami. Wanda aka kawo maka a kwalba da hantsi, ka ce na gode.

Su ma a addininsu, cikin dokoki biyar da kowane mabiyin Buddha ke ɗauka, ta biyar ita ce barin kayan maye. Wannan bai hana rumfunan bammi cika da yamma a gindin bishiyoyi ba. Har cikin iskokin da suke yi wa hidima, nat, waɗanda suka yi kama da na 'yan bori, akwai wani mashayi mai suna Ko Gyi Kyaw, wanda ake kai wa giya da soyayyar kaza, ana kuma yi masa biki a yankin Pakhan wajen watan Maris. Maigidana ba ya sha. Ya ce wanda zai hau sama sau 64 a yini ba ya wasa da kansa. Abin da ya tsallake bammi ya ƙara kwanaki kuwa yana zama ruwan khal, suna girki da shi.

Dahuwa

Wannan fagen mata ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana dafa ruwan rake a Maƙarfi zai gane rabin aikin. Murhun dogo ne na laka, kamar kabari, da ramuka huɗu a sama, kowane da kaskon ƙarfe mai faɗi. Wuta daga baki ɗaya ake hura ta, ta bi ƙarƙashin kaskon duka ta fita ta ɗaya bakin. Kaskon da ke kusa da wuta ya fi zafi, na ƙarshe ɗumi kawai yake samu. Makamashin kuwa duk abin da ya bushe ne: hannuwan giginya, ɓawon gyaɗa, karan riɗi, ƙaya.

Da farko a tace ruwan da ƙyalle. Za ka sha mamakin abin da ke ciki: ƙudan zuma, tururuwa, wani lokaci har ɗan ɓera da zaƙi ya ja. A zuba a kasko kada ya wuce rabi, a ba shi wuta sosai. Zai taso da farar kumfa, a riƙa kwashe ta da ludayi ana zubarwa, ita ce dattin. In ya yi kamar zai zube, uwargida takan ɗiga man gyaɗa ɗigo biyu ko uku, nan take ya kwanta. Yayin da ruwan ke ƙafewa sai a riƙa juye na wannan kasko cikin wancan, a cika wanda ya zama wofi da sabon ruwa, har abin da ya cika kasko huɗu ya taru a guda. Sukarin da ke cikin ruwan tsakanin kashi 10 ne zuwa 15 cikin 100, saboda haka sai ka ƙafar da wajen lita 7 ko 8 kafin ka samu kilo guda. Awa biyu zuwa uku ake yi a kai.

Launi zai tashi daga fari zuwa ruwan zuma zuwa ja. Amma uwargida ba launi take kallo ba, kunne take kasawa. Da farko tafasar tana da ƙara sirara, shaaa, kamar ruwan sama a kan kwano. In ya kusa, sai ƙarar ta yi nauyi, manyan ƙwai suna tasowa suna fashewa ɗaya-ɗaya, fat, fat, kamar talgen tuwo. Daga nan sai a janye itace, a rage wuta. Gwajin shi ne ka ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. In ya narke, da saura. In ya dunƙule ka iya murza shi da yatsa kamar ƙaro mai laushi, ya yi, a sauke yanzu-yanzu. In ya yi tauri yana ƙaras, ka makara.

Ni na makara. Rana ta goma uwargida ta ba ni muciya ta tafi shayar da jikanta, na tsaya ina jiran launin mazarƙwailar gida, mai duhun nan. Kafin ta dawo ƙauri ya cika rumfar. Kasko guda, aikin bishiya takwas, ya koma baƙin dutse mai ɗaci. Ba ta ce komai ba, ta kankare ta zuba wa shanu a ruwa. Da na nemi in biya ta ƙi karɓa, sai na sayi na kwana uku gaba ɗaya a farashin da ta faɗa ban taya ba. Tasu in ta yi kyau ruwan ƙasa-ƙasa ce mai haske, kuma mafi tsada ita ce wadda ta fi fari.

Bayan an sauke, aiki bai ƙare ba. A ɗora kaskon a kan gammo a riƙa tuƙawa da muciya ba tsayawa, ana shafa shi a jikin kaskon. Tuƙin ne ke sa shi ya yi tsaki-tsaki ya riƙa narkewa a baki. Wanda ba a tuƙa ba yana daskarewa kamar gilashi. Za ka ga ƙyallinsa ya dushe, ya yi kauri kamar tuwon da ya kusa kwasa. A nan kowa na gida zai matso, a tsoma hannu a ruwa, a gutsuro, a mulmula tsakanin tafuka, kowane curi kamar ƙwallon goro ko ƙasa da haka, a jera a tabarma. Da zafinsa ake yi, kuma minti kaɗan gare ku kafin ya ƙi mulmuluwa. Tafin hannuna ya yi kwana biyu yana raɗaɗi, su kuwa hira suke yi. Wannan curin shi ne htanyet.

In ya huce a zuba a kwandon ganyen giginya a rataye kusa da hayaƙin murhu. Maƙiyinsa laima, da damina yana jiƙewa ya yi ta naso. Dillalai suna zagayowa su auna da ma'auninsu, viss, wanda ya ɗan haura kilo 1.6, su kai kasuwannin Kyaukpadaung da Myingyan da Pakokku. Kaso mai yawa daga can wurin masu dafa barasa yake tafiya, abin da bai yi mini daɗin ji ba bayan na ga wahalar da ke ciki.

Yawancin masu hawa ba su da bishiya ko ɗaya. Maigidana na mai gona yake hawa, yana ba shi kasonsa, kuma a kakar aiki iyalin gaba ɗaya suna tarewa a bukkar ganye cikin gonar. Mu muna cewa inuwar giginya na nesa ka sha, na fassara wa tafinta, ya faɗa wa maigida, ya yi dariya har ya tofar da abin da yake taunawa, ya ce a gaya mini a nan ma haka take. Sana'ar ba ta da daraja a idon mutanen birni, ko da yake a bakin mutanen Anya sarki Bayinnaung, wanda ya mulki ƙasar daga 1550 zuwa 1581 ya kafa daula mafi faɗi a tarihin yankin, ɗan mai hawan giginya ne daga Ngathayauk, nan kusa da inda na zauna. Littattafan fada sun ce jinin sarauta ne. Kowa da nasa. A lokacin, 'ya'yan maigida maza biyu duk suna Tailan suna aikin ƙarfi, ba wanda ya gaji wuƙar. Tun juyin mulkin soja na 1 ga Fabrairu 2021 kuma yankin ya zama fagen yaƙi.

Sauran jikin bishiyar ba sai na koya wa Bahaushe ba. Ganye rufi da tabarma da kwando da mafici, gangar jiki azara da kwamin shayar da dabbobi, hannuwa kujerar kishingiɗa. Muruci ma suna ci, htan myit, sai dai sun fi gasa shi a toka su tsoma a mai da gishiri. Ɗanyun 'ya'yan ana fasawa a ci farin abin nan mai santsi na ciki, nunannun kuma a matse su a cuɗa da garin shinkafa a turara, ya fito kamar alkubus mai ruwan ɗorawa.

Yadda ake ci

A gidan abinci na Anya, in ka gama ci za a ajiye maka gwangwanin htanyet da butar shayi marar sukari, kyauta. Ka jefa curi a baki ka kurɓi shayin a kai. Sun ce yana narkar da abinci. Wasu ana cuɗa su da kwakwa ko riɗi tun a kasko, amma wanda ya kama ni shi ne mai magarya, zaƙi da tsami a haɗe. Wannan kana iya yinsa a gida da mazarƙwailar rake: ka daka busasshiyar magarya ka tankaɗe, ka narka mazarƙwaila kofi uku da ɗan ruwa a wuta marar ƙarfi har ta kai gwajin ruwan sanyin nan, ka sauke, ka zuba garin magarya kofi ɗaya da ɗan gishiri, ka tuƙa, ka mulmula.

Sai kuma na bikin sabuwar shekararsu, Thingyan, bikin watsa ruwa na tsakiyar Afrilu, wani abinci da ake kira mont lone yay baw, ma'ana curin da ke tasowa kan ruwa. Ana kwaɓa garin shinkafa mai danƙo da ruwa da ɗan gishiri har ya yi kamar ƙullin fura, a gutsuri kaɗan a faɗaɗa a tafi, a sa gutsuren htanyet a tsakiya, a rufe a mulmula, a jefa cikin tafasasshen ruwa. Zai nutse. In ya taso, a ba shi minti ɗaya ko biyu a tsame, a tsoma a ruwan sanyi, a barbaɗa gogaggiyar kwakwa. In ba ka da irin shinkafarsu, garin shinkafar tuwo yana yi, amma da tafasasshen ruwa za ka kwaɓa shi don ya riƙe, kuma curin ya zama ƙanana. A sa shi a baki gaba ɗaya, kada a gatsa rabi, don zaƙin ya narke a ciki yana jira ya tsarto maka a riga.

Unguwa guda ake taruwa a yi shi a babbar tukunya a raba wa duk mai wucewa. 'Yan mata kuma suna da al'adar ɓoye ɗanyen barkono a cikin wasu a maimakon zaƙin. A faranti na, cikin guda shida, uku barkono ne, kuma ɗiyar maigida ce ta zuba mini da hannunta.